Don Allah a taimaka min da dabara: abin gishiri na fatin Halowin a ajin 'yata

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema. Muna Columbus ta jihar Ohio, wannan ce shekararmu ta biyu a ƙasar nan, 'yata shekararta shida tana aji ɗaya. Malamarsu ta turo saƙo wai ranar 31 ga Oktoba za su yi ɗan fatin Halowin a cikin aji bayan sun ci abincin rana, kowace uwa ta zaɓi abin da za ta kawo, to ni ban ga saƙon da wuri ba kafin in buɗe duk an riga an ɗauke alewa da kek da biskit da lemo, abin da ya rage kawai abin gishiri ne, kuma an ce a yi shi da siffar abin ban tsoro amma ba mai firgita yara ba. Yara 22 ne. Bara ban tura ta ba ranar, ta yi kwana uku tana tambayata me ya sa, bana kuma tun farkon wata take min maganar kabewa da gizo-gizo. Na duba intanet duk abin da nake gani sosej ne da cuku, ni kuma ina so in yi abin da na san halal ne, in da hali ma ya zama daga cikin abincinmu na gida. Waɗanda suka daɗe a nan me kuke kaiwa?

Hajjo_Bronx:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mafi sauƙi ƙwai ne. Ki dafa ƙwai 12 ya dahu sosai, ki ɓare ki raba kowanne biyu a tsaye kin ga kin samu 24 kenan, ki ƙwaƙule gwaiduwar ki dame ta da mayonis da ɗan gishiri da kori kaɗan ki mayar cikin ramin. Sai ki sayi baƙin zaitun na gwangwani wanda aka cire wa ƙwallo, ki raba guda biyu, rabi ki kifa a tsakiya shi ne jikin gizon, sauran ki yanka siri-siri ki jera huɗu nan huɗu nan su ne ƙafafu. Ki sayi gwangwani biyu don ƙafafun suna cin zaitun ba kaɗan ba. Shekara huɗu ina kai wannan ban taɓa dawowa da ko guda ba.

UmmuSadiq_Leeds:
Kafin komai ki tambayi malamar ko ana karɓar abincin da aka dafa a gida. Makarantu da yawa sai wanda aka saya a shago a rufe da takardar sinadaransa a jiki. Kar ki kwana kina aiki a mayar miki da shi a bakin ƙofa.

Abu_Fadima:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo maganar mata, amma ni tambayar da ya kamata a fara yi ita ce shin ya dace ma a kai ɗin? Wannan biki asalinsa na maguzawan Turai ne, sannan aka haɗa shi da jajiberin ranar waliyyai ta coci. Akwai hadisi a Abu Dawud cewa wanda ya yi kamanceceniya da wasu mutane to yana cikinsu. Yarana uku duk shekara a wannan ranar da rana nake zuwa in ɗauko su, mu tafi cin abinci a waje, in saya musu abin da suke so, kuma alhamdulillahi ba su taɓa jin an tauye su ba. Maman Ilham ba ina hukunta ki ba ne, na san zafin ganin yaro ya zama shi kaɗai, amma ki yi magana da maigidanki da malamin da kika yarda da shi.

Maman_Ilham:
Na gode Malam, wallahi ban ji haushi ba, abin yana raina ni ma. Babanta ya ce ba za ta sa kayan mayu ko na fatalwa ba kuma ba za ta fita yawon gida-gida da dare ba, a kan wannan mun tsaya. Na cikin aji ne muke ta juyawa, don minti 45 ne kacal kuma a cikin lokacin karatu. Anti Ummu Sadiq na tura wa malamar saƙo yanzu ina jiran amsa.

Nas_Rabi_Houston:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, don Allah ki karanta wannan da kyau ko da ba ki ɗauki komai a maganar kowa ba. GYAƊA. Mu a gida gyaɗa ba komai ba ce, yaro na yaye ma kunun gyaɗa ake ba shi, amma a nan akwai yaran da in ko ɗan kaɗan ya shiga bakinsu maƙogwaro yake kumbura numfashi ya toshe cikin mintuna, shi ya sa za ki ga an ajiye musu allurar EpiPen a ofishin nas ɗin makaranta. Kuma abincinmu cike yake da ita a ɓoye: yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kilishi da tunkuza ake shafe shi, miyar taushe da gyaɗa. Ko barbaɗa yajin tsire kika yi a kan wani abu to kin sa gyaɗa. A Amurka abubuwa tara ne doka ta ce dole a rubuta a jikin abinci: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa da almon, gyaɗa, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara daga farkon 2023. Kin ga awara ta shiga, kantu ya shiga, ƙwan da Hajiya ta faɗa ma ya shiga in akwai yaron da jikinsa ba ya karɓa. Ki tambayi malamar takamaimai, za ta faɗa miki abin da aka hana a ajin ba tare da ta kira sunan yaron ba. Sannan abin niƙan da kika taɓa markaɗa gyaɗa a ciki, da kaskon, da man da kika taɓa soya wani abu da shi, duk a kiyaye.

Zulai_Calgary:
Gaskiyar Nas Rabi. Kuma wani abu, mu kowane farin mai man gyaɗa muke ce masa ko da na kanola ne ko na masara. Wata ƙawata an tambaye ta da wane mai ta soya cincin ta fassara musu yadda muke faɗa, nan take aka kwashe duka aka ajiye gefe, alhali na kanola ne. Ki duba jikin jarkar ki rubuta ainihin sunan da ke kai.

Hajjo_Bronx:
Eh haka ne Rabi, na manta ban faɗa ba, ajin jikata babu mai matsalar ƙwai shi ya sa. Kuma ƙwai mai mayonis kar ya wuce awa biyu a waje ba firij, ni sai dab da lokaci nake kaiwa a cikin kula da ƙanƙara.

Indo_Mai_Masa:
Ni fa ina mamakin yadda ake ta zagaye ga masa a zaune. Masa ai ido ce da kanta, fara, zagayayya, ta kumburo a tsakiya. Ki yi ƙanana, ki sayi koren zaitun irin wanda aka cusa wa jan tattasai a ciki, ki yanka shi ƙwaya-ƙwaya kamar zobe sai ki ga kore a gefe ja a tsakiya, ki ɗan lotsa tsakiyar masar da bayan cokali tun tana da zafi ki dasa shi, shi kenan kin samu ƙwayar ido. Babu ƙwai babu madara babu gyaɗa babu alkama, shinkafa ce da yis da ɗan suga da gishiri. In ba ki zo da tanda daga gida ba ki je shagon Indiyawa ki ce kaskon faniyaram, ramukansa ƙanana ne daidai bakin yaro, akwai mai rami bakwai akwai mai goma sha biyu. Shinkafar tuwo in babu, jasmin tana yi, ki jiƙa kofi uku tun dare, ki dafa rabin kofi daban ya yi luguf ki haɗa ki markaɗa da 'yar albasa, ki sa yis cokali ɗaya ki rufe a wuri mai ɗumi. Yanzu da sanyi ya shigo ƙullu ba ya tashi da wuri, ni cikin obin nake sawa in kunna fitilar ciki kawai ba wutar ba.

Maman_Ilham:
Kai Anti Indo Allah ya saka da alheri, wannan ta shiga raina sosai. Ina da tanda ta ƙarfe da na zo da ita daga Kano amma ramukanta manya ne. Tambayata ita ce masa in ta huce ba za ta yi tauri ba? Kuma yaran Turawa za su ci ta haka gaya ba miya ba ƙuli?

Indo_Mai_Masa:
Dafaffiyar shinkafar nan ita ke hana ta tauri, kar ki rage ta. Ki soya da safiyar ranar ki jera a kula ki shimfiɗa tawul ɗin takarda a ƙasa saboda gumi. Kar ki bari ƙullun ya yi tsami da yawa, mu muna so su ba sa so. Kuma kar ki bari ta yi ja sosai, wuta kaɗan-kaɗan, ana son ta fito fara. Gaya kam suna ci, maƙwabciyata yaranta har tambaya suke yaushe zan yi. In kina so ki ɗan ɗiga ketchup siri-siri da tsinken sakace daga zaitun ɗin zuwa gefe kamar jijiyoyin ido.

Dan_Zongo_Kumasi:
Ni a Bronx nake yanzu amma a zangon Kumasi na tashi, iyayena 'yan Katsina ne. Abin da nake son faɗa wa Malam Abu Fadima da girmamawa, mu ma fa muna da makamancin wannan. Tashe. Daga goma ga azumi yara su fita da dare gida-gida, a liƙa gemun auduga a yi tsoho da gemu, wani ya cusa tsumma a ciki, wani ya shafa baƙin tukunya, a ba su hatsi ko kuɗi. Ranar da na fara ganin yara a nan suna buga ƙofa da 'yan bokitai abin da ya faɗo min kenan. Yaro ba ya tunanin wani tarihi, shiga yake so da alewa.

Abu_Fadima:
Ɗan uwa kamannin na waje ne. Tashe a cikin Ramadan ya tsiro, a cikin al'ummar Musulmi, kuma yawancinsa hannunka mai sanda ne ga masu mugun hali, ba ruwansa da matattu ko aljanu masu yawo. Shi ma ɗin akwai malaman da suke da magana a kan wasu abubuwan cikinsa. Ni dai ban ga sun zama ɗaya ba.

Bilkisu_Dublin:
Tunda an taɓo asali bari in faɗi abin da na sani, don a nan Ayalan abin ya samo tushe. Tsohon bikinsu ne na ƙarshen kaka da shigowar hunturu, suna rubuta shi Samhain amma Sawin suke furtawa, mutanen da sun yi imani a daren nan shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yana yin siriri, sai a hura manyan wuta a yi ɓad-da-kama. Daga baya coci ta sa ranar waliyyai 1 ga Nuwamba, daren 31 ya zama jajiberi, sunan Halowin ma daga nan ya fito. Kuma da ba kabewa suke sassaƙawa ba, wani saiwa ne mai tauri da suke nomawa mai suna tanip, akwai irinsa a gidan tarihinsu fuskar abin tsoro ce ta gaske. Sai da yunwar dankali ta shekarun 1840 ta kora su Amurka da yawa suka tarar da kabewa ta fi girma ta fi sauƙin yankawa. To Malam bai yi ƙarya ba a kan asalin. Amma kuma abin da yara ke yi a aji yau, yanka takarda ne da lissafi da 'ya'yan kabewa, kowa dai ya auna da kansa. Abincinsu na ranar ma na gishiri ne, dankalin turawa ake tuƙawa da kabeji da bota da albasa mai lawashi suna ce masa kolkanon, sai wani burodi mai zabibi da ake ɓoye zobe a ciki. Maman Ilham in masar ta gagara, tuƙaƙƙen dankali ma ana matsa shi a leda ya tsaya tsiri-tsiri a sa masa ido biyu.

Saratu_Wusasa:
Ni Kirista ce 'yar Zariya ina Maryland, kar ku ɗauka ku kaɗai ne ke wannan tunanin. Cocinmu ma ba ma yin Halowin, fastonmu ba ya so, bikin kaka muke yi wa yara a harabar coci a ranar, ba kayan mayu ba ƙwarangwal, kabewa da masara da wasanni kawai. Makarantar yarana ma bikin kaka suke kiransa saboda iyaye irinmu. Abin da nake kaiwa kullum mit fai ne ƙanana masu fuskar kabewa. Fulawa rabin kilo, bota gram 250 mai sanyi, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri, ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya haɗe. Ki murza ki yanka zagaye da bakin kofi, biyu-biyu, na saman ki huda masa ido biyu masu kusurwa uku da baki da tsinin wuƙa kafin ki rufa. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne haɗin ciki, niƙaƙƙen nama da dankali da karas dole ya tsane kuma ya huce sarai, in da ruwa a jikinsa ta idon zai tsiyayo ya ɓata fuskar. Ki kaɗa ƙwai da ɗan kurkum ki shafa a kai zai ba ki kalar kabewa ba sai kin sayi kalar abinci ba. Obin a 350 na ma'aunin nan, wato kusan 180 a ma'aunin Salsiyus, minti 25 zuwa 30. Ana iya haɗawa tun kwana uku a daskarar a gasa da safe. Kuma ki cire attaruhu gaba ɗaya, abin da mu ba ma ji ko kaɗan su kuka yake sa su.

Zulai_Calgary:
Anti Saratu wannan na ɗauka ni ma. Kabewa ai abinci ce, fuskarta ba ta dame ni ba kamar su kan mutum da ƙashi.

Ummi_04:
ni a ƙasar nan na yi firamare yanzu ina jami'a, zan faɗa muku ta ɓangaren yaro. ranar da aka zo aka ɗauke ni kafin fati ba alewar ce ta dame ni ba, washegari ne da kowa yake labari ni ba ni da abin cewa. amma kuma ranar da mamata ta kawo ƙosai ranar al'adu yara suka cinye suna tambayar sunansa har yau ina tunawa. Anti duk abin da kuka yanke ki zaunar da ita ki faɗa mata dalili, shekara shida tana ganewa

Maman_Ilham:
Ummi kin sa na yi hawaye wallahi. Allah ya yi miki albarka.
Malamar ta amso: ana karɓar na gida in an rubuta duk abin da ke ciki a takarda, an hana gyaɗa da dangin yazawa kwata-kwata, sannan akwai yaro ɗaya da ba ya cin ƙwai. To Hajiya kin ga gizon ƙwai ya fita, mit fai ɗin ma sai dai in shafa madara a maimakon ƙwai. Wata uwa a ajin ta ce min in yi sosej da ake naɗewa da kwaɓin fulawa siri-siri ya zama kamar gawar mutanen Masar ta da, wai yara sun fi son shi. Akwai sosej na halal a shagon Somaliyawa kusa da mu.

Hajiya_Mairo_Greensboro:
'Yata wannan kam ban ba ki shawara ba. Mu da muke naɗe mamatanmu da farin ƙyalle, in kika jera abin nan a tire likkafani za ki gani ba wani abu ba. Na taɓa ganin shi a wurin aikina watan da mahaifiyata ta rasu a Damagaram ban samu zuwa ba, sai da na fita waje. Mutuwa ba abin wasa ba ce a wurinmu, kuma yarinyar wata rana za ta ga likkafani na gaske, kar ya zamana abin da ta fara sani da shi abin dariya ne a faranti. Gizo da kabewa da jemage duk halittun Allah ne, ba su dame ni ba. Gizo ma ai namu ne, wace yarinya ce ta tashi a gidan Hausa ba ta san Gizo da Ƙoƙi ba.

Nas_Rabi_Houston:
Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Ƙari a kan sosej, ko an rubuta naman sa ne a duba fatar da aka ɗura shi a ciki, wani lokaci hanjin alade ne, sai dai in na shagon halal ne kamar yadda ta ce. Kuma sosej da inabi suna cikin abubuwan da suka fi shaƙe yara ƙanana saboda daidai faɗin maƙogwaronsu suke, in za a ba 'yan ƙasa da shekara biyar a tsaga su a tsaye kar a yanka ƙwaya-ƙwaya. Zaitun ɗin ma ki tabbata ba ƙwallo ko ɗaya, na gwangwani wani lokacin ana samun wanda ya kuɓuce.

Baban_Khalifa:
Ni abin da ya fi damuna ba wanda za ki kai ba ne, wanda za ta dawo da shi ne a jaka. Alewa mai danƙo da mashmalo yawancinsu da jelatin ake yi, wato abin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma a ƙasar nan galibi na alade ne in ba a rubuta akasin haka ba, har da 'yar alewar nan mai kala uku mai kama da ƙwayar masara da ake rabawa a wannan lokacin, wasu kamfanonin suna sa mata. Mu dokar gidanmu ba a buɗe komai sai an zo gida, mu zube a tebur mu karanta tare, wanda bai yi ba in musanya musu da wanda na saya na ajiye.

Hajjo_Bronx:
Tunda ƙwai ya fita ba komai, gizon zaitun ɗin ai ba dole sai a kan ƙwai ba. Ki ɗora shi a kan masar Indo mana, rabi ido rabi gizo. Ko a kan ƙaramar fiza, ko biskit mai gishiri da aka shafa wa cuku. Kuma Hajiya Mairo ta tuna min, jikata da na ce mata wannan Gizo ne mijin Ƙoƙi sai da na yi mata tatsuniyar a daren, washegari ta je ta ba 'yan ajinsu.

Maman_Twins_Manchester:
Ba na ajinku ba ne tunda an hana ƙwai amma ga masu karantawa da za su yi a gida: in kika dafa ƙwai kika ɗan farfasa ɓawon ba tare da kin ɓare ba, kika jiƙa a ruwan zoɓo mai kauri a firij ya kwana, in kin ɓare za ki ga zane kamar saƙar gizo a jikinsa. Sai dai kar ki sa ran ja, ni na zata ja zai fito sai ya fito shuɗi-shuɗi mai toka, in kina son ya karkata zuwa ja ki matsa lemon tsami a ruwan. Sannan tattasai mai ruwan lemo, babban nan, ki yanke kansa ki ƙwaƙule ki yanka masa fuska kamar kabewa, mu a gida dafa-duka nake cikawa a ciki, amma na yara 22 ba zai yiwu ba, ki yi guda uku kawai ki tsattsaya yankakken karas da kokwamba a ciki ya zama ado a tsakiyar tiren.

Dan_Zongo_Kumasi:
Zoɓon ma kansa a kai shi mana a ce jini ne, yara za su so.

Hajiya_Mairo_Greensboro:
A'a ɗana, zoɓo sunansa zoɓo. Ba a koya wa yaro shan jini ko da wasa, balle mu da aka haramta mana shi. Kuma an ce wata ta riga ta ɗauki abin sha.

Abu_Fadima:
Na karanta duka. Ina nan a kan ra'ayina, ni ba zan tura nawa ba, amma na ji daɗin yadda Hajiya Mairo ta tsaya a kan maganar gawa da jini, kuma maganar Ummi ta sa ni tunani, ban taɓa tambayar nawa yadda washegarin take musu ba. Zan tambaye su yau in sha Allah.

Saratu_Wusasa:
Maman Ilham madara tana yi a maimakon ƙwai, ba za ta yi ƙyalli sosai ba amma kurkum ɗin zai kama. Ki dai tuna fulawa da bota su ma sai kin rubuta su. Wani abu kuma, daga 1 ga Nuwamba kabewa tana faɗuwa warwas a shaguna, amma manyan nan na sassaƙawa ruwa ne kawai ba su da garɗi, ƙananan da ake ce wa na fai su ne suka fi kama da tamu a miyar taushe. Ni nakan saya da yawa in fere in daskarar, har azumi ina amfani da su wa maƙwabtana.

Zulai_Calgary:
Miyar taushe dai a gida, kar wata ta manta ta kai makaranta, gyaɗa ce fal.

Maman_Ilham:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Mun yi magana da babanta ya ce zai tambayi limaminmu ranar Juma'a kafin ya ba ni amsa ta ƙarshe, in ya ce a'a to zan kai wa malamar abincin da safe tunda na riga na yi alkawari, ita kuma mu ɗauko ta da rana. Na je shagon Indiyawa na samu kaskon mai rami goma sha biyu, na jiƙa shinkafa kofi ɗaya na gwaji. Na bar maganar sosej ɗin, Hajiya Mairo. Anti Indo na gwada zaitun ɗin a kan burodi sai na ga ruwan gishirinsa yana zuba yana ɓata wurin, kuma ina tsoron ya zame a mota kafin in isa, me ake liƙa shi da shi?

Indo_Mai_Masa:
Ki yanka su tun dare ki baza a kan tawul ɗin takarda a firij su tsane. Kuma akwai wata hanyar da ta fi lotsawa, in kin zuba ƙullu a rami gefen ya fara kamawa tsakiyar tana ɗanye sai ki ɗora zoben zaitun ɗin a kai ki ɗan danna, ki bari ya kama kafin ki juya, zai soyu a jikinta ba inda za shi. Sai dai jan tsakiyar yakan ɗan yi duhu in wutar ta yi yawa. Ki gwada shida haka shida haka ki turo mana hoto mu gani.

Hajjo_Bronx:
Ƙafafun gizon kam kar ki soya su, murɗewa suke. Su sai kin isa makarantar ki jera a can, ki tafi da minti ashirin a hannu da ɗan tsinke.